Kiɗan da Ba Mu Yanke Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da Malam Isuhu ya shigo shagonmu na unguwar Rusaifa a Makka ba. Ku yaran yanzu ba ku san kaset ba, sai latse-latsen waya, to ku saurara. A da, mutanenmu da suka zauna a Makka ba iƙama, wato takardar izinin zama, da kaset suke gaisawa da gida. A yi magana a ciki, a ba alhazai su kai. Aikina shi ne juye irin waɗannan tsofaffin kaset a waya. Dokar mudir ɗinmu, wato manajan shagon, Abu Salim, ita ce a tace ƙara, a ɗaga murya, duk inda aka ji kiɗa a yanke.

Malam Isuhu tela ne a unguwar Tandabawi, mutumin Damagaram. Ya baro gida ba da yardar mahaifinsa ba, tsohon kuwa ya rasu ba su gana ba. Kaset ɗin da ya kawo ya kusa tsinkewa, da kyar na lallaɓa shi ya juya.

Muryar mahaifiyarsa ce ta fito. Ta gama gaisuwa, sai ta ce, "Isuhu, ga babanka zaune, ya ƙi magana. Amma ya ce a sa maka wannan."

Sai kiɗa ya taso a hankali, fiyano da wani amo na lantarki mai sanyi. Malam Isuhu ya ce na wani Bafaranshe ne mai yi wa fina-finai kiɗa, shi ma ya daɗe da mutuwa. Ashe mahaifin Malam Isuhu ne mai haska fim a silimar garinsu. Malam Isuhu yana yaro a gefen injin yake zama, kuma wannan kiɗan su biyu suka fi so.

Mudir ya leƙo. "Mamnu', an hana. Ka san tsarinmu, yanke."

Na kai hannu zan yanke. Malam Isuhu ya dubi mudir, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, iyakar abin da ubana ya ce mini ke nan tun da na baro gida. In ka yanke, da me zan san ya yafe mini?"

Mudir ya ɗauki mabuɗin mota. "Ni na tafi shan shayi. Ban ji komai ba."

Na juye shi duka, ban taɓa ko'ina ba. Malam Isuhu ya saurara har ƙarshe yana share ido da bakin rawani, ni ma ban tsira ba.

Don haka nake ce muku, kafin ku yanke komai a kayan mutum, ku tambaye shi tukuna. Wani uban bakinsa nauyi gare shi, a nan ya ajiye maganarsa.