Magini da Bulon Soso

Ina jiran mota a bakin titi, rana ta gama da ni, ina kallon wani dattijon magini a ginin da ke tsallake. Gemunsa fari fat, ban sani ba ko furfura ce ko siminti.

Bulon da suke jerawa na farin soso ne, irin wanda ake tokare firji da shi a kwali. A zura rodi a ciki, a cika da kankare, wai ɗakin ba ya ɗaukar zafi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Amma duk sanda zai ɗauki ɗaya, sai ya ware ƙafafu, ya durƙusa, ya riƙe numfashi, ya cije leɓe. Ina jin ya fi shekara talatin yana cicciɓar bulon siminti, yana komawa ɗakin kwano mai zafi ya kwanta.

Abokin aikinsa ya yi dariya. "Baba, wannan ai da yatsa biyu ake ɗauka."

Dattijon ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu.

"Ni na sani," in ji shi. "Bayan nawa ne har yau bai yarda ba."