Wayoyin Aro a Ƙofar Gidan Mai Gari

Ni ne na fara sayen babbar waya mai shafawa a ƙauyenmu, wani ɗan gari tsakanin Bodinga da Shagari. Lokacin ina koyarwa a firamare. Wayar dai ga ta a hannu, amma ƙarfen sabis ɗin da ke bayan makaranta tsohon yayi ne, kira kawai yake iya ɗauka. In zan buɗe hoto sai na hau babur na tafi Bodinga. Abin ya dame ni fiye da kima, na yi ta rubuta wa kamfani takarda da sunan jama'ar gari, alhali ban tambayi kowa ba.

Wata rana aka aiko cewa injiniyansu zai zo ranar Laraba. Na riga na ji cewa ba sa sabunta ƙarfe sai inda masu manyan wayoyi suka yi yawa, domin ƙarfen yana shan man gas, ga mai gadi, ga gyara. Mu kuwa masu irinta mu uku ne kacal. Sai na tafi wurin wani abokina mai gyaran waya a kasuwar Bodinga, na aro manyan wayoyin da suka mutu, cike da leda. Na goge su tas, na rarraba wa manoma, na ce kowa ya riƙe tasa inda baƙo zai gani.

Har da Baffa, yayan mahaifina, manomin albasa. Mutum ne da ake labarinsa tun zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da kaya suka yi wuya ana layin shinkafa. An yi kuskure an ba shi rabo sau biyu, ya ɗauko na biyun a ka ya mayar.

"Mi zan yi da ita?" ya tambaye ni.

"Riƙewa kawai, Baffa. Don ci gaban gari ne."

Ya dube ni, ya karɓa.

Injiniyan ya zo da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari. Yana cikin bayani sai ya durƙusa gaban Baffa.

"Baba, ara mini wayarka in gwada ƙarfin sabis."

Ya danna, bai ga haske ba. Ya buɗe bayanta, ko batir babu.

"Ba tawa ta ba, yaro," in ji Baffa. "Ɗana ya ce in riƙe, ni ko ban san batun ba. Ka yi haƙuri."

Sai na ga sauran suna tura nasu cikin aljihu ɗaya bayan ɗaya. Injiniyan bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ai daga ofis muna ganin irin wayoyin da ke hawa ƙarfen nan. Gaishe ku na zo yi, in kuma faɗa muku gaskiya, bana ba za a iya ba."

Da yamma na bi gida gida ina karɓar wayoyin, ban iya ɗaga kai ba. Baffa ya miƙo mini tasa a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Bayan damina biyu, samari masu zuwa cin rani da dillalan albasa suka sayi manyan wayoyi da kansu, kamfani ya zo ya sabunta ƙarfen ba tare da takardar kowa ba. Baffa ya rasu kafin nan. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban sake samun ƙarfin halin zama gabansa in nemi gafara yadda ya kamata ba.