Takobin da Mode Ya Dakusar

Shekara arba'in Mode na ƙira a Gandi: lauje, kalme, wuƙar yankan albasa. Takobi kuwa sai an sa shi yake ƙerawa. Ɗansa Habibullahi ne ya fara ɗaukar hoton aikinsa da waya, har wani Bature mai tara takubba a Holan ya ce a yi masa guda na ado. Habibullahi ya yi alkawari, ya zana tsawon a bangon maƙera da gawayi. Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ya rasu.

Zanen ya zauna a bango. Bayan girbi Mode ya ce alkawarin yaro ba zai faɗi ba. 'Yarsa Zakiyya, malamar makaranta a Rabah, ta bi ka'idojin aika takobi ƙasar waje. Sai da takardar hukumar gidajen tarihi cewa sabon aiki ne, ba kayan kakanni ba. Sai an rubuta wa kwastan cewa na ado ne. Kamfanin aika kaya kuma ya ce ba ya karɓar mai kaifi. Ta karanta masa sau biyu, ya ce ya ji.

Mako uku ya yi yana aikin. Ranar da za a kai Sakkwato, kafin ya sa shi a kube, ya zauna gaban dutsen washi kamar kullum. A gidansu ba a miƙa wa mutum ƙarfe dakusasshe. Abin kunya ne.

Da suka isa Sakkwato shi da Zakiyya, ma'aikacin kamfanin ya goga takarda a bakin takobin, ta rabu biyu. Ya mayar musu.

"Baba, mi kay yi?" in ji Zakiyya.

"Gyara shi niy yi. In aike ma baƙo sanda, ya ce maƙeran Gandi sun mutu?"

"To, ko dai ya tahi babu kaihi, ko ya zamna nan. Habibu cewa yay yi za shi isa."

Suka dawo gida da takobin. Da safe Mode ya ɗauko magagari ya bi bakin takobin daga ƙota zuwa tsini, a hankali, yana tsayawa yana gwadawa a tafin hannu, har ya daina kama fata.

Ranar Litinin kamfanin ya karɓa. Da Zakiyya ta ce takobin ya isa Holan, Mode ya jiƙa tsumma ya goge zanen.