Bindigar da Jinjiri Bai Gwada Ba

Ragon ya fara gani. Jinjiri ya dawo daga gaisuwar mutuwa a Darini, rana ta take tsaka, ya turo babur ɗinsa cikin gida, sai ga baƙon rago ɗaure a turken jakinsa yana tuƙa kamar gidan ubansa. Bai kawo komai a ransa ba. Ya shiga ɗaki don ya rataye hula, idonsa ya sauka a kan bango. Ƙusoshin nan biyu suna nan, shatin abin da ya shekara bakwai a rataye yana nan a jikin farar ƙasa, amma Hajiya ba ta nan. Ya zauna a bakin gado da hular a hannu, ya kasa tuna inda ake ajiye ta.

Hajiya bindiga ce.

Sunansa na yanka Almustapha, amma in ka shiga Wagini kana tambayar gidan Almustapha sai a yi ta kallon juna. An haife shi ɗan tsurut, kakarsa ta ce Jinjiri, sunan ya bi shi har furfura, jikin ma bai taɓa yi wa sunan gardama ba. Sana'arsa saye da sayar da bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Shi ba maƙeri ba ne, ba kuma masassaƙi ba. Bututu ya sayo a wurin maƙera, ƙota a wurin wani masassaƙi a Safana, kunama kuwa ya ciro daga gawar tsohuwar bindigar da magada suka rasa yadda za su yi da ita, sannan ya zauna a zaure ya ɗaura musu aure. Mutane kan ce bindigar Jinjiri kamar gidan haya take, kowa da garinsu.

Abin alfaharinsa kunnensa. In aka kawo masa bututu, sai ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya karkace kai. Lafiyayyen ƙarfe amonsa dogo ne. Mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai ya ce kwaf, ya yi shiru. Maƙeran ƙasar nan duk sun san ba a yi wa kunnen Jinjiri wayo, shi ma bai bari sun manta ba.

Sai dai a duk faɗin Batsari babu mai tsoron ƙarar bindiga kamarsa. Shekara talatin yana wannan sana'a bai taɓa sa ƙota a kafaɗa ya harba ba. Ranar gwaji yakan kai bindigar bayan gari ya ɗaure ta tamau a gindin wata ɗorawa, ya zarga wa kunamar doguwar igiya, ya ja da baya har sai ya ɓuya a bayan suri, ya cusa auduga a kunnuwa, ya runtse ido, ya yi bisimilla ya fizga. Sau uku yake yi wa kowace. Wadda ta tsira sai ya ɗaura mata jan zare a wuya, kuma bai taɓa sayar da marar zare ba. In 'yan kallo suka tuntsire da dariya suna tafawa, ya fito yana kaɗe ƙasa daga gwiwa ya ce, "Ku tafa, ai da yatsu goma-goma kuke tafawa. Wa ya bar muku su?"

Da can masu saye maharba ne da masu korar birai daga gonar gyaɗa. Tun da daji ya lalace kuwa, mutanen da ko kaza ba su iya yankawa su ne ke yi masa sallama da murya ƙasa-ƙasa. Wanda bai zauna a ƙauyukan nan ba, ba zai gane yadda ƙugin babura daga nesa ke tsayar wa mutum da loma a maƙogwaro ba. Kasuwa ta buɗe wa Jinjiri, amma bai yi ƙiba da ita ba.

Bututun Hajiya a hannun wani baƙo ya saye shi, ranar da mura ta toshe masa kunnuwa. Da jama'a a wurin, sai ya ƙi cewa ba ya ji. Ya ƙwanƙwasa, ya karkace kai yadda ya saba, ya ce madalla. Ya sa aka sassaƙa mata ƙotar maɗaci, ya jera mata ƙusoshin tagulla, ya shafe ta da man gyaɗa har tana ɗaukar ido. Da mura ta sake shi ya sake ƙwanƙwasawa a ɓoye. Kwaf. Ya ɗaga ta a rana, sai ga tsaga siririya kamar silin gashi, dab da inda mai harbi ke kwantar da kumatu. Da ya farfasa ta a ranar da an huta, amma maƙera za su tambayi dalili. Sai ya rataye ta a ɗaki ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce. Ko matarsa Turai bai gaya wa ba.

"Turai! Turai!"

Ta fito daga madafa da muciya a hannu. "Malam, wannan kira kamar gobara?"

"Ina Hajiya?"

"Au, ka ga ragon ke nan. Daudu ne ya zo da shi da sassafe, kuɗin bindiga. An kore masa shanu jiya, kaf, har da saniyar matarsa Ramatu. Za su bi sawu, ba shi da komai sai sanda. Na ce ya zaɓa cikin masu zare, ya ce shi dai Hajiya, in ma mutuwar ce ya mutu da ado."

"Kika ba shi?"

"To, in ce masa mi? Mutum na tsaye idonsa jawur, in ce mijina ya fi son bindiga da ɗan gwaggonsa? Shekara bakwai kana shafa mata mai, ni da na haifa maka shida ban samu rabin wannan ba."

"Babu zare a wuyanta, Turai."

"Na ɗauka don kada ya ɓata mata kwalliya ne."

Sai ya gaya mata, kansa a ƙasa. Muciya ta suɓuce daga hannunta.

"Inna lillahi! Kai da kunnen naka?"

"Mura nake yi."

"Shekara bakwai kana mura?"

Daudu taubashinsa ne, yana zaune a Tsaskiya, yana noma yana kiwo. Tun suna yawo ba wando suke tsokanar juna, kuma shi ya laƙaba wa Jinjiri Sarkin Yaƙin Bayan Suri. Duk zuwan da zai yi sai ya leƙa ɗaki ya gaida Hajiya kafin ya gaida mai gidan.

A lokacin an katse layukan waya a yankin, babu halin kira. Jinjiri ya roƙi kwalbar fetur a maƙwabta. Ya ɗauko Gurguwa, wata bindiga mai karkatacciyar ƙota da kowa ke tsallakewa saboda muninta, ya naɗe ta a tabarma ya ɗaure a bayan babur. Hanyar ba ta da daɗi a irin waɗannan kwanaki. Duk babur ɗin da ya hango yana tahowa sai ya karanta abin da ya sawwaƙa, amma bai juya ba.

Ya isa Tsaskiya ana sallame la'asar. Ramatu, matar Daudu, tana tsaye a ƙofar gida, dattawa suna zaune a kan tabarmi a gaban masallaci.

"Yaya, ai sun tafi tun azahar," in ji ta. "Su takwas, a ƙasa, sun yi yamma."

Ya juya wurin dattawan ya ce a taimaka a bi Daudu a karɓo bindigar. Wani tsoho, Baffa Lawal, ya dube shi sama da ƙasa.

"A sa ɗan mutane ya shiga wannan dajin don kana kishin ƙarfe? In ragon ne bai yi maka ba, ka bari ya dawo ku daidaita."

Jinjiri ya dubi mutanen. A cikinsu akwai maƙeri, wanda shi da kansa ya taɓa mayar wa da bututu uku a gaban jama'a. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Jama'a, ku shaida. Ni aka sayar wa fasasshen bututu, na saya da hannuna, na ɓoye don kunya. Ban taɓa gwada ta ba. In Daudu ya ja kunamar nan, a fuskarsa za ta tashi."

Can sai maƙerin ya yi gyaran murya. "Ashe kunnen ma yakan tafi hutu."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Tayyib, ƙanen Ramatu, wanda ya san dajin tun yana kiwo, ya miƙe ya kwance tabarmar. Ya juya Gurguwa a hannu ya yamutsa fuska.

"Wannan bindiga ce ko muciya?"

"Sau uku ta yi magana a gindin ɗorawa. Ga zarenta nan. Ka ba shi ita, waccan kuwa ka jefa ta a rami, ko ya yi maka kuka."

Tayyib ya rataya ta, ya ɗauki gorar ruwa, ya bi sawun mutanen da sassarfa.

Ramatu ta kawo wa Jinjiri fura, ya kasa sha. Ta tsuguna gefe ta ce, "Yaya, ka ɗan kwantar da hankali. Jininku ɗaya fa. Shekara ashirin da biyar ina tare da shi, ko kwano ya faɗi shi ke fara kaiwa ƙofa. In ya ji harbi, kafin ya tuna da kunama ya wuce gari uku." Ta yi dariya, sannan ta goge ido da gefen mayafi.

Jinjiri bai koma Wagini ba. Ya aika wa Turai cewa ta riƙa ba ragon dusa da harawa, na Daudu ne, ajiya ce. Kullum da an fito sallar asuba yakan je yammacin gari ya zauna a kan wani kututture, ba auduga a kunnensa, ya karkace kai wajen daji yana saurare, yana roƙon Allah kada ya ji komai.

Yau kwana biyu ke nan. Daudu bai dawo ba, Tayyib bai dawo ba, ba a kuma san ko ya cim masa ba.