Kwana Huɗun Malam Kalilu a Hanyar Tanah Rata

Malam Kalilu mutumin Haɗeja ne, ƙasar da za ka wuni kana tuƙa keke ba ka ga tudun da ya fi shuri ba. Mahaifinsa mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, don haka tun yana ƙarami ya iya faci da ɗaurin birki. Ya zo Kuala Lumpur a 2011 neman digiri na uku a fannin noman rani. A shekara ta biyu malamin da ke duba aikinsa ya bar ƙasar, wanda ya gaje shi kuma ya ce a sake komai daga farko. Nan karatun ya tsaya. Kalilu ya haɗa gwiwa da wani ɗan ƙasar suka buɗe ɗan kanti a unguwar Danau Kota, yana sayar wa ɗalibai kuka da daddawa da yajin gida, yana kuma nema wa sababbin zuwa ɗaki. A nan na san shi, don bene ɗaya muke zaune, ƙofarsa na kallon tawa.

A 2014 likita ya shaida masa yana da ciwon suga, ya ce ko ya motsa jiki ko ya fara allura. Lokacin shekarunsa arba'in da shida, ga teɓa, ga son shayi mai madara a shagon mamak, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da abinci. Sai ya tafi unguwar Kampung Baru wurin wani dattijo, Pak Hassan, tsohon direban bas da ya koma gyaran kekuna, ya sayi wani tsohon keke mai giya.

Pak Hassan ya haura sittin, siriri ne kamar sanda, kuma duk Lahadi yakan hau tsohuwar hanyar Gombak zuwa Genting Sempah, mashigar da ke tsakanin duwatsu. Ya gayyaci Kalilu. Kalilu ya amsa da sauri, a ransa yana cewa wanda aka haifa a cikin kekuna ai ba za a nuna masa hawa ba.

Bai kai rabi ba. Ya taka feda da ƙarfi tun daga gindin dutsen, ya wuce dattijon yana murmushi. Bayan kilomita shida idonsa ya yi duhu, ya sauka ya yi amai a bakin kwata. Yana durƙushe wani biri ya sauko ya ɗauke burodin da ke aljihunsa na baya. Pak Hassan ya iso a hankali, ko numfashinsa bai canja ba.

Ya ce, "Khalil, kokawa kake yi da dutsen. Saki giyar ta yi laushi. In ba za ka iya yi mini hira kana tuƙi ba, to ka yi sauri da yawa."

Da ya dawo gida matarsa Ummukulthum ta ga yadda yake jan ƙafa, ta ce, "Baban Zuhra, likita cewa ya yi ka motsa jiki, bai ce ka kashe kanka ba. Ga filin wasa nan ƙasa, ka riƙa zagayawa mana."

Ya ce, "Maman Zuhra, na bar karatu a tsakiya. Wannan kam sai na ga ƙarshensa."

Lahadi bakwai ya yi yana komawa kafin ya kai saman Genting Sempah ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Daga nan abin ya shiga jininsa. Bayan sallar asuba sai mu ji ƙarar keke a lif. Ɗalibai suka laƙaba masa Alhaji Feda, wasu na cewa zama da Turawa ne ya taɓa shi, alhali bai san Bature ko ɗaya ba. Ya rage shayin mamak, teɓar ta zube, Ummukulthum ta rage masa wandunansa har sau biyu.

A 2016 Kalilu da Pak Hassan suka shirya babbar tafiya: daga Kuala Lumpur su tsallaka Genting Sempah, su hau dutsen Bukit Fraser, su sauko, sannan su haura zuwa Tanah Rata, garin gonakin shayi da ke can saman duwatsun Cameron. Kwana huɗu, kowa da jakarsa a bayan keke. Ranar tafiya Ummukulthum ta miƙa wa mijinta ƙullin dabino da dambun nama da na'urar awon suga, ta ce, "Ka auna safe da yamma, ka turo mini hoton lambar. Ran da ban gani ba, zan ɗauko mota in biyo ka."

Ranar farko lafiya lau suka kai garin Raub. A rana ta biyu, suna cikin hawan Bukit Fraser, gwiwar Pak Hassan ta kumbura. Ya daure har suka kai sama, amma da gari ya waye ko matakalar masallaci ya kasa hawa. Ya kira ɗansa ya zo da mota.

Kalilu ya ce, "To mu koma tare, Pak. Wata shekarar ma rana ce."

Dattijon ya girgiza kai. "Ni na hau Cameron sau tara. Kai ne ba ka gani ba. Boleh, Khalil, za ka iya. Ka ci abinci kafin ka ji yunwa, ka sha ruwa kafin ƙishi ya kama ka."

Haka Kalilu ya ci gaba shi kaɗai. Ya kwana a wani ƙaramin gari, Sungai Koyan, washegari ya kama hanyar da ke haurawa ta cikin daji, kusan kilomita tamanin, ba shago ba gida sai jefi-jefi. Da hantsi zafi ya yi kamar zai narka kwalta. Bayan azahar hadari ya haɗu, ruwa ya tsuge. Yana cikin wani hawa mai tsayi ya miƙe tsaye a kan feda, sai ya ji ƙas, ƙafarsa ta tafi a banza, ya faɗi gefe. Sarƙar keken ce ta tsinke.

Ya gaya mini ya zauna a cikin ruwan nan, gwiwarsa na jini, ya duba waya babu sabis. Wata motar ɗaukar kabeji ta tsaya, direban ya leƙo ya nuna masa bayan motar. Kalilu ya ce sai da ya kama keken zai ɗora, sannan ya sake shi. Ya yi wa mutumin godiya, ya roƙe shi ƙusa guda kawai. Direban ya lalubo masa ɗaya, ya tafi yana waiwayensa. Da ƙusar da dutse Kalilu ya fitar da gaɓar da ta karye, ya haɗa sauran, yadda ya sha gani a rumfar mahaifinsa. Sarƙar ta gajarta, manyan giyoyi suka daina shiga, amma keken ya tafi.

Daga garin Ringlet zuwa Tanah Rata saura kilomita goma sha biyu, nan ne jikinsa ya ƙi. Ganinsa ya fara dushewa, gumi mai sanyi ya keto masa. Ya gane suga ne ya faɗi. Ya zauna a ƙarƙashin wata rumfar jiran bas, ya ci dabino bakwai, ya jira har ganinsa ya washe. Daga nan sai ya riƙa ƙidaya sandunan gefen titi: ya tuƙa goma, ya tsaya ya numfasa, ya ƙara goma. A wata kwana mai tsananin tsayi ya sauka ya tura, bai ɓoye wannan ba in yana ba da labari.

Ya shiga Tanah Rata dab da magariba, hazo ya lulluɓe gonakin shayin, haƙoransa na haɗuwa don sanyi. Wata mata mai sayar da miyar kaza ta gan shi jiƙe sharkaf, ta tambaye shi daga ina. Da ya ce Kuala Lumpur, ta leƙa ta dubi keken, ta ƙara masa cinya guda.

Ya dawo a bas, keken a ƙarƙashi, ya yi mako guda yana sauka daga bene da baya-baya saboda ciwon cinyoyi. Gwiwar Pak Hassan ba ta sake yarda da dutse ba. Kalilu ne ya karɓi tafiyar Lahadi, dattijon kuma yana bin masu keken a babur da jarkar ruwa. Kafin in gama karatu a 2018 mu shida ne muke bin Kalilu, har da wani lakcara ɗan Gusau da ya fi kowa yi masa dariya a da. Ni sau biyu na kai sama. A na biyun, muna zaune muna haki, na ga Kalilu ya shimfiɗa taswirar arewacin Thailand a kan cinyarsa, yana bin wata hanya mai lanƙwasa da yatsa, yana tambayar Pak Hassan wane wata ne ruwa ke ɗaukewa a can.