Da Sani za a yi shibka bana

Alƙali na cewa "wata takwas", Inna ta zame ƙasa nan cikin jastis, kotun Tawa. Ƙanena Sani aka yanke ma hukunci, kan faɗan da ya yi da makiyayi a gonarshi ta Kalfu lokacin kaka.

Da muka fito ta ce mini, "Damina ta wuce shi. Ka ba maƙwabci aron gonar."

Lauyan Sani ya juyo. "Inna, ai wata shiddan da ya yi a gidan kaso yana jiran shari'a cirewa ake. Saura biyu."

Ta share hawaye da bakin zane. "To, bar zancen aron nan. Je ka gyara mishi kalmenshi na noma."

Wallahi ni ma na ɗauka zaman jiran ya tafi a banza. Ku kun san ana cirewa?