Mutanen Garin Kulu

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, Kawu Sale ya shigo gidanmu na Makera da kwali a ka, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ƙanin mahaifiyarmu ne, mai gyaran rediyo da talabijin a Kakuri. Ni ina tsugune bakin rariya ina kankare ƙanzon tukunyar tuwo, ƙanwata Kulu kuwa tana kwance kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki, an lulluɓe ta da zanin Umma, kwananta uku ke nan da sallamowa daga asibiti. Kawu ya sauke kwalin a gabanta, ya share ruwan fuskarsa ya ce, "Kulu, tunda ke ba kya iya zuwa gari, ga gari nan na kawo miki har ɗaki." Da ya buɗe, sai ga wata baƙar na'urar wasan bidiyo, da faifai ɗaya, da ɗan katin ajiye wasa, da abin latsawa mai doguwar waya wanda shi ke kira hannu.

Kulu da ciwon sikila aka haife ta. Shekararta tara a lokacin, amma wanda bai sani ba sai ya ce shida. Sanyi ba ya ƙaunarta, ruwan sama ba ya ƙaunarta, gudu kaɗan sai ƙafafu su riƙe, ta kwana tana kuka. Gidan da muke haya kuwa ɗaki goma sha biyu ne, galibin mazan a masaƙa suke aiki tare da Babanmu. Jiniyar canjin aiki na kaɗawa, titinmu ya cika da kekuna kamar an buɗe madatsa, masu tafiya da masu dawowa da auduga manne a gashin kai. Maman Rifkatu, 'yar Kagoro, tana soya ƙosai a ƙofar gida, ran Lahadi ta bar wa Umma makullin ɗakinta ta tafi coci. Mu yara mukan kai markaɗe inji, mu bi layin famfo da bokitai, mu je 'yar gonar masarar Baba a bayan layin dogo mu kori awaki, da yamma a zana 'yar gala-gala a ƙasa. Duk wannan Kulu da kunne take yinsa. Idan na dawo sai ta ce in ba ta labari, ni kuma gajiya ta sa in ce mata, "Ba abin da ya faru."

Wasan da ke cikin faifan labarin wani matafiyi ne mai takobi a baya. Kawu ya riga ya buga farkonsa a shago har ya kai shi wani birni na bakin teku, a nan ya miƙa wa Kulu hannu. Ban taɓa ganin abu irin birnin nan ba. Kasuwa ce maƙil, masu kifi na ɗaga hannu suna talla, 'yan dako na sauke buhuna daga jiragen ruwa, maƙeri na dukan ƙarfe har tartsatsi na tashi, shanya na kaɗawa a saman benaye, wasu yara biyu na bin kare suna zagaye rijiya ba sa gajiya. Hayaniyar ma daban take, idan ka shiga lungu sai ta ragu, ka fito ta dawo. Yanzu na san mutanen ba su fi a ƙirga ba, kuma kowa abu ɗaya yake ta maimaitawa. Amma a idon yarinyar da ba ta taɓa ratsa kasuwar Kakuri da ƙafarta ba, duniya ce gaba ɗaya.

Ba a daɗe ba muka gane Kulu ba irin wasan mutane take yi ba. Ba ta wuce babba ba ta tsaya ta gaishe shi ba. Idan za ta shiga gida sai ta tsayar da matafiyin a bakin ƙofa, ta yi sallama da bakinta, ta ɗan jira. Kawu ya nuna mata akwatunan da ke cikin gidajen mutane, ya ce a buɗe a kwashe, haka wasan yake. Ta dube shi da manyan idanun nan nata ta ce, "Kawu, sata fa ke nan, mai gidan yana tsaye." Ya yi dariya har da hawaye, bai sake kawo maganar ba. Aikina shi ne fassara, domin Turanci mutanen suke rubutowa a ƙasan allo, ni kuma ce 'yar sakandare. Abin da na gane in faɗa, wanda ban gane ba in ƙirƙira. Ta raɗa musu sunayen mutanen gidanmu, mai kifi ta zama Maman Rifkatu, maƙeri ya zama Malam Audu na ɗakin ƙarshe. Duk wanda ya roƙi taimako sai ta yi masa. Ta kai wasiƙa, ta nemo maganin wani dattijo, ta yi kwana huɗu tana neman ɗiyar wata mata da ke kuka a bakin rijiya, har ta same ta a bayan rumbunan tashar jiragen. Tun daga ranar, duk lokacin da ta wuce sai matar da ɗiyarta su ɗago mata hannu. Da zarar yaran unguwa sun kwarma ihun an kawo wuta, ita ce ta farkon miƙewa zaune. Umma ba ta hana, sharaɗinta ɗaya ne: "Idan an kira salla, mutanen cikin gilashi ma su jira."

A arewacin birnin akwai wata babbar ƙofa da mai gadi, kullum tambayarsa ɗaya, ko mun shirya fita. Kawu ya ce bayan ƙofar nan labarin ke ci gaba. Kulu ta ce ita ba inda za ta. Wata uku muna kasuwa ɗaya, ni kuwa abin ya ishe ni. Ina son in ga duwatsu da dodanni da aka zana a bayan kwalin faifan, ina jin haushin yadda nake zaman fassara gaisuwar mai kifi sau ɗari, alhali ko sau ɗaya ba a ce in riƙe hannun ba.

Da ciwo ya sake tashi aka kwantar da ita, Umma na can tana jinya, aka bar ni da gida. Wata Laraba bayan azahar na gama wanke-wanke, wuta ta zo. Na kunna, na tafi kai tsaye wurin mai gadi na ce na shirya. Na hau duwatsu, na yi faɗa, na samo wani abu da aka aike ni. Da na juyo gida sai wasan ya ƙwace daga hannuna ya fara nuna hoto da kansa, jiragen yaƙi a teku, hayaƙi, mutane na gudu da kaya a ka. Da ya mayar min da matafiyin, kasuwa ba kowa. Rumfuna a kife, maƙera a rufe, ko karen nan babu. Sai na'urar ta yi tambayar da ta saba, ko a ajiye inda aka tsaya, yatsana kuma ya latsa kamar yadda na ga Kulu na yi kullum. Ɗan katin ajiyarmu guda ɗaya ne, sabo ya hau kan tsoho. Na kashe na kunna ya fi sau biyar.

Ranar da aka sallamo ta, ko takalmi ba ta cire ba ta ce in kunna mata. Ta ɗauki hannu ta shiga kasuwa, ta tsaya. Ta bi lungu-lungu, sai ƙarar iska kawai ke fita daga talabijin. Can ta juyo ta ce, "Yaya, ina suka je?" Na ce na'urar ce ta lalace, ƙila wuta ce ta yi mata ƙarfi. Ƙaryar ta fito min da sauƙi, har yau ina jin nauyin wannan sauƙin.

Mutum ɗaya ta samu a garin, wata tsohuwa mai ɗinkin komar kifi a bayan rijiya, wadda Kulu ke kira Iya, ta kuma taɓa kai mata itace. Na karanta mata abin da ta ce: kowa ya tafi, ita ƙafafunta ba za su kai ta ko'ina ba, ta gode da aka tuna da ita. Kulu ta ajiye hannun, ta ce in miƙo mata mayafinta. Ta yafa, ta gyara zama, ta yi wa tsohuwar ta'aziyya yadda ta ji Umma na yi, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya sa sun huta. Tun daga nan, duk ranar da aka kawo wuta sai ta je ta zauna kusa da ita. Ba ta ƙara raɗa wa kowa suna ba, ba ta ƙara dariya a gaban talabijin ba. Maman Rifkatu ta leƙo wata rana ta ce, "Kai, yarinyar nan, yau ba a sayi kifina ba?" Kulu ta ce mata kasuwa ta tashi.

Abin ya hana ni sukuni. Lokacin hutu ya zo, ni ke kai wa Kawu abincin rana shago, a can na fashe da kuka na gaya masa gaskiya. Bai yi min faɗa ba. Ya ce garin ba ya dawowa a wannan katin, sai dai a faro wasan daga tushe a wani. Ya laluba cikin tarkacensa ya samo wani kati, ya haɗa min wata na'ura da aka kawo gyara. Kullum in ajiye kwano in zauna kan benci tsakanin matattun rediyoyi, in buga har kiran la'asar. Ban iya faɗa ba, wani dodo mai tsaron gada ya kashe ni kwana shida a jere. Wata rana ba wuta, wata rana mai na'ura ya zo ya karɓi abarsa sai an jira wata. Sati biyar na yi. A cikin sati biyar ɗin idanun Kulu suka ƙara yin rawaya, cikinta ya kumbura, aka fara ɗaukarta zuwa bayi.

Ranar da na isa birnin, da gudu na dawo gida da katin a dunƙule cikin hijabina. Na tayar da ita zaune, na jingina ta da filo, na kunna. Hayaniyar kasuwa ta cika ɗakin. Ga mai kifi, ga maƙeri, ga yara da karensu. Fuskarta ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Yatsunta sun kumbura ba ta iya latsawa, ni na riƙe hannun tana cewa in bi nan, in tsaya can. Muka je wurin mai kifi, rubutu ya fito, tana tambaya ko ni baƙo ne a garin. Na haɗiye wannan na ce, "Ta ce sannu da dawowa, ta yi kewarki." Kulu ta yi murmushi. Muka ƙarasa bakin rijiya. Matar nan na tsaye ita kaɗai, hannu a fuska, tana kuka kamar ranar farko.

Kulu ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce a hankali, "Yaya, waɗannan ba su san ni ba." Na ce za mu sake nemo ɗiyar, za mu sake kai wasiƙar, komai za mu sake. Ta girgiza kai, kamar ta fi ni sanin yawan kwanakin da aikin zai ci da waɗanda suka rage. "Mayar da wancan katin. Iya tana can ita kaɗai."

Na canza katin. Da garin ya fito shiru, na kasa riƙewa, na gaya mata na'ura ba ta lalace ba, ni na fita ta ƙofar arewa, ni na jawo. Na jira ta yi kuka ko ta kira Umma. Sai ta tambaye ni, "Wajen da kyau?" Na ce da kyau, akwai duwatsu da wani ruwa mai zubowa daga sama. Ta ce, "To, gara da kika gani. Ke ai ƙafafunki lafiya lau." Ta jingina kanta a kafaɗata, na kai matafiyin kusa da tsohuwar, muka zauna mu uku har aka ɗauke wuta. Ba ta kai ƙarshen zangon karatun da ya biyo baya ba. Da safiyar wata Litinin Allah ya karɓi abarsa, mutanen gidanmu kaf suka cika tsakar gida, masu coci da masu masallaci, ba wanda ya je aiki.

Yau ina aure a Mahuta, cikin gida mai doguwar katanga, maƙwabciyata ta dama sai mu yi wata ba mu haɗu ba. Masaƙa ta daɗe da yin shiru, mutanen gidanmu na Makera kowa ya kama gabansa, wasu sun haye gada zuwa ɗaya ɓangaren gari, wasu sun koma garuruwansu. 'Ya'yana suna da nasu wasannin, biranen ciki sun ninka na Kulu girma ban san sau nawa ba, mutane kamar a taɓa su, har inuwarsu da zufarsu ana gani. Babbar 'yata ta taɓa ce min idan aka yi kuskure yanzu ba komai, akwai ajiya iri-iri, sai a koma baya a gyara kamar ba a yi ba. Na ce mata madalla, na tashi na shiga kicin don kada ta ga idona. Allah ya jiƙan Kulu, ya sa tana cikin jama'a.